Tsinke, gurbin dara, wasan kasuwa ko kati: da wanne za a koya wa yaro lissafi?

Lakwal na komawa a watan Oktoba, kuma ba a daɗewa sai kuka iri ɗaya ya tashi daga gidaje, tun daga unguwar Birni har Garin Malam a nan Damagaram. Yaro yana CE2, wato aji huɗu na firamare, yana rera jadawalin ninki tiryan-tiryan, amma a tsayar da shi a ce bakwai sau takwas nawa ne, sai ya koma ya faro daga bakwai sau ɗaya. Wata kuma tana CP, aji biyu, an ba ta 8 + 5, yatsun hannu sun ƙare, ta sunkuya tana neman na ƙafa. Iyaye da malamai da yawa sun riga sun yarda cewa bulala da maimaita bakin mushe ba su isa ba, dole sai yaro ya taɓa lissafin da hannunsa. Inda ake tsayawa shi ne wace hanya za a kama, tunda lokaci kaɗan ne, aljihu kuma ba nauyi.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, cikin hanyoyin nan babu wadda ke yin aikin duka. Wasu suna sa yaro ya gane abin da ke faruwa, wasu suna sa amsa ta zo masa da sauri. Wanda ya ba yaron da bai gane ba kayan sauri ya wahalar da shi a banza. Wanda kuma ya bar yaron da ya riga ya gane yana ta ƙirga tsakuwa har CM1, aji biyar, ya riƙe masa ƙafa.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma mafi nauyi: me hanyar take koyarwa, fahimta ko hanzari? Wani masani ɗan Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana a 1966 cewa yaro yakan kama abu ta matakai uku: ya sarrafa shi da hannu, ya gan shi a zane, sannan ya rubuta shi da alama. A kan wannan tsari makarantun Singafo suka gina koyar da lissafinsu. Mu a nan sau da yawa daga mataki na uku ake farawa, a tsaya nan.

Na biyu kuɗi. Na uku ƙarko, kuma ƙarko a Damagaram yana nufin abin ya jure ƙurar hunturu, gara, akuya, da ƙanen da ke rarrafe. Ajin zana ba shi da ƙofar kullewa, don haka duk abin da ba ya shiga jakar yaro ko ta malami bai cika kai wata guda ba. Na huɗu sauƙi: uwar da ba ta yi boko ba za ta iya jan wasan? Malamin da ke gaban aji cike maƙil zai iya? Na biyar haɗari, wanda ya haɗa da na jiki da kuma mummunar ɗabi'ar da abin zai iya dasa wa yaro.

Kafin mu shiga, akwai wani ƙidaya da ke kwantar da hankali. Jadawalin ninki daga 1 zuwa 10 amsoshi 100 ne. Da zarar yaro ya gane cewa 6 × 7 da 7 × 6 abu ɗaya ne, sun koma 55. A cire layin 1, da 2, da 5, da 10, waɗanda ba su cika ba yara wuya ba, saura 21 kacal. A kan waɗannan 21 ake yawancin kukan.

Tsinke da ƴaƴan ƙirga

Wannan ita ce tsohuwar hanya, wadda malamai ke kira bushet, kuma har yanzu ban ga wadda ta fi ta wajen aza harsashi ba. Komawar lakwal tana zuwa daidai da kaka, kara ko'ina. A yanko sillen karan gero daidai tsawon ɗan yatsa biyu, a ɗaure goma-goma da zaren kaba ko robar da aka yanka daga tsohon tib na keke. Ɗauri ɗaya goma, sako-sako ɗaiɗai. Don ƙirga ƙananan lambobi kuma ga ƙwallon dabino, ƴaƴan tsamiya, ƙwallon aduwa, ko murafun roba na gorar lemo.

Ku dubi 32 − 7. A kan allo, mushe zai ce biyu ba ta cire bakwai, sai a yi aro, yaro ya gyaɗa kai bai san wa aka ara wa ba. Da tsinke kuwa, ga ɗauri uku da tsinke biyu a gabansa. An ce ya ba da bakwai. Zai miƙa biyun, ya tsaya, ya dubi ɗaurin, ya dubi fuskarku. Kada ku ce komai. Can za ku ga hannunsa ya kai kan roba ya kwance ɗauri ɗaya, tsinkaye goma su watse a kan tabarma, ya ƙirgo biyar ya cika. Abin da ya rage ɗauri biyu da tsinke biyar. Ya yi aro da kansa, kuma ba zai sake tambayar daga ina ɗayan nan da ake rubutawa a gefe ta fito ba. Gani ya kori ji.

Haka ma 8 + 5. Maimakon ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya, a tambaye shi: takwas ɗin nan nawa take nema ta zama ɗauri? Biyu. Ya ɗebo biyu daga cikin biyar, ya ɗaure, saura uku. Goma sha uku. Wannan cika goma ita ce mabuɗin duk wata tarawa da ta haye goma, kuma yaron da ya riƙe ta ya rabu da yatsun ƙafa.

Kuɗi babu. Ƙarko matsakaici ne, kara na karyewa, gara na ci, amma sabuntawa aikin yamma ɗaya ne. Kowace uwa za ta iya, domin ba a bukatar karatu kafin a ɗaure goma. Haɗarin jiki shi ne tsinke mai tsini kusa da ido, da ƙwallon da jariri zai kai baki, sai murafun ƙarfe masu kaifi da tsatsa waɗanda gara a bar su. Amma babban haɗarin ba a jiki yake ba. Idan aka bar yaro yana ƙirga ɗaya, biyu, uku kullum ba a tura shi ga ɗauri ba, to tsinken ya zama wasu yatsun ne kawai.

Gurbin dara da kwalin ƙwai

Duk yaron da ya taɓa tsayawa bayan dattawa a gindin bedi ya san gidan dara: layi biyar, kowane layi gurbi shida, talatin ke nan. Ba wasan darar kanta nake nufi ba, ita dabara take koyarwa, ba jadawali ba. Jerin guraben nake nufi. A tona layi uku, kowanne gurbi huɗu, yaro ya sa tsakuwa ya ƙirga, goma sha biyu. Sai a ce ya tashi ya zagaya ya zauna ta gefe. Yanzu layi huɗu yake gani, kowanne gurbi uku, ba a ƙara tsakuwa ba, ba a rage ba. Wannan zagayawar ita ke rage amsoshi 100 su koma 55.

A nan ne kuma ake karya lambobi masu taurin kai. Bakwai sau takwas: a jera layi bakwai na takwas-takwas, a ja kara a raba, biyar a sama, biyu a ƙasa. Biyar sau takwas 40, biyu sau takwas 16, an haɗa 56. Ko ya manta amsar gobe, ya san hanyar da zai bi ya samo ta. Rabawa ma haka: tsakuwa 17 a gurbi biyar, kowanne ya sami uku, biyu suka rage a hannu. Ga saura nan a tafin hannunsa, ba a takarda ba.

Inda ƙasa ta yi tauri ko an yi siminti, kwalin ƙwai mai cin talatin yana maye gurbi, shi ma biyar ne sau shida, kuma masu shayi na jefar da shi kullum. A yanko layi biyu na gurbi biyar-biyar daga jikinsa, an sami gidan goma na koyon tarawa.

Kyauta ne. Na ƙasa iska ke sharewa amma minti biyu ya isa a sake tonawa, na kwali kuwa ruwa ne ajalinsa. Rauninsa shi ne jinkiri: jera tsakuwa 72 don tara sau takwas yana cinye rabin darasi, kuma a aji mai yawa sai an raba yara rukuni-rukuni a tsakar makaranta. Yana kuma son babba da ya san tambayar da zai yi. In ba haka ba, yara za su koma buga dararsu.

Wasan kasuwa

Wannan ce hanyar da na fi ƙauna, kuma ita ce aka fi rainawa. Yarinyar da ke zaune kusa da uwarta a kasuwar Dole ranar Alhamis, ko yaron da ake aike shago sau biyar a yini, suna ba da canji ba kuskure, amma a kaye, littafin aikin aji, sai su sami sifili. Dalili a fili yake. A gida da kasuwa da dala muke ƙirga kuɗi, a lakwal da faran. Dala ɗaya faran 5 ce. Tsabar da aka rubuta wa 100, dala ashirin muke ce mata. Mai 25 dala biyar, mai 250 dala hamsin, takardar 500 dala ɗari, jika kuma dala ɗari biyu. Yaron da ya san wannan yana ɗauke da layin biyar gaba ɗaya a kansa, har ya zarce inda jadawalin lakwal ya tsaya, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da yake yi shi ne ninkawa da rabawa.

A kafa shago a zaure: gwangwanayen tumatir da madara da babu komai ciki, kwalin ashana, kwalin shayi, ƙullin yashi a matsayin sukari. A yanka kwali a rubuta 5, 10, 25, 50, 100. Ɗaya ya zama mai shago, ɗaya mai saye. Ƙa'idar da ke sa wasan ya zama darasi guda ɗaya ce: duk cinikin da aka yi da baki sai an rubuta shi a allo da faran. "Ashana uku, kowace dala biyar, nawa ke nan?" Zai ce dala sha biyar kafin ku rufe baki. To, rubuta: 3 × 25 = 75. "Na ba ka dala ashirin, kawo canjina." Dala biyar. Rubuta: 100 − 75 = 25. Ranar farko zai yi ta kallon allon yana mamakin wai wannan shi ne abin da ke kayar da shi a aji.

A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai fara koyarwa da harshen gida, a 1973, kuma hujjarta ke nan: a ɗora sabon ilimi a kan wanda yaro ya zo da shi. Lambobin Faransanci daga 70 zuwa 99 suna da sarƙaƙiya, tamanin ma huɗu sau ashirin ake ce mata, alhali na Hausa a miƙe suke. Ku bar yaro ya yi tunanin da Hausa, ya sami amsa, sannan ya faɗe ta da harshen aji.

Kuɗinsa kusan babu. Kuɗin kwali na yagewa, amma kada a yi da tsabar gaske, tana ɓata, tana shiga baki, tana kuma jawo rigima tsakanin ƴan uwa. Haɗarinsa na gaske shi ne rikita dala da faran idan ba a rubutawa. Sannan yana da iyaka: yana ƙarfafa 5, 10, 25 da ɗebewa, amma ba zai koya wa kowa shida sau bakwai ba. Kuma yabon da na yi wa lissafin ƴan talla ba hujja ba ce ta ɗora wa yarinya faranti a lokacin aji.

Igiyar ƙirga

Duwatsun roba ashirin a zare ɗaya, biyar ja, biyar fari, biyar ja, biyar fari. Wani masanin koyar da lissafi a Holan, Adrian Treffers, shi ya ƙirƙiro na katako mai layi biyu, amma igiya ma na yin aikin. Launin ne sirrin: yaro ya daina ƙirga bakwai ɗaya-ɗaya, ya fara ganin biyar da biyu da kallo ɗaya. Ana samun duwatsun wajen masu kayan ado, zare mai ƙwari kuma wajen dukawa. In babu kuɗin, a huda murafun roba kala biyu da ƙusa mai zafi, babba ya yi hudar. Ba ta watsewa, ba ta ɓata, tana shiga aljihu, shi ya sa ta fi tsinke dacewa da aji mai cunkoso. Ta fi ƙarfi a tarawa da ɗebewa har zuwa 20, ba ta nuna aro kamar yadda kwance ɗauri ke nunawa. A yi ta daban da carbi, kuma kada a bar ƙaramin yaro ya rataya ta a wuya.

Kati da ƴaƴan ludo

Daga nan mun bar fahimta mun shiga hanzari. A yanka kwalin sukari ko na sabulu, a rubuta 6 × 8 a gaba, 48 a baya. Amsoshin nan 21 kawai za a fara da su, ba ɗari ba. A ajiye gwangwani uku. Katin da yaro ya amsa nan take ya wuce gwangwani na biyu, wanda ya yi jinkiri ko kuskure ya koma na farko. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana biyu ko uku, na uku sau ɗaya a mako. Wani Bajamushe, Sebastian Leitner, ya yaɗa wannan tsari a 1972, kuma amfaninsa shi ne lokacin yaro na tafiya kan abin da bai iya ba, ba kan biyu sau biyu da ya sani tun bara ba. Minti biyar zuwa goma bayan la'asar sun fi awa biyu ranar Lahadi. Tunda amsa na bayan kati, yaya ko kaka ma za su iya riƙe masa, muddin suna gane lamba.

Ƴaƴan ludo biyu suna ba da wasa mai daɗi: a jefa, a tara ko a ninka. Sai dai sun tsaya a shida, babbar amsarsu 36, ba su taɓa 7, 8 da 9 inda ciwon yake. Karta ta fi su faɗi, in an cire masu hoto saura 40, daga ɗaya zuwa goma. Amma gidaje da yawa ba sa son ganin karta a hannun yaro saboda caca, kuma ina ganin suna da gaskiya. A rubuta lambobin a kwali, an sami amfanin ba tare da ita ba.

Kati ba ya jure ruwa da gumi, sai a ajiye shi cikin leda. Haɗarinsa babba ne idan aka gaggauta: yaron da bai taɓa jera layi shida na takwas ba, 48 a wurinsa ƙara ce kawai, yau ya riƙe gobe ta tashi. Kuma in aka mai da shi tsere tsakanin wa da ƙane, ko aka ajiye bulala a gefe, mai jinkirin zai tsani lissafi gaba ɗaya. Yaro ya yi tsere da kansa na jiya.

Tsalle a ƙasa

A ja dogon layi a rairayi, a rubuta 0 zuwa 30, yaro ya yi ta tsallen uku-uku yana faɗa da ƙarfi. Ko a zuba lambobi cikin gidajen ƴar gala-gala. Ƴan mata masu carafke kuma su fara da tsakuwa goma, duk wadda ta kwasa ta faɗi nawa suka rage a ƙasa kafin ta duba. Yana da kyau ga yaron da zama ke gundura, yana ɗaukar aji guda a lokaci ɗaya, amma da bazara sai da sanyin safiya, kuma ƙari ne a kan sauran, ba madadinsu ba.

Wasannin cikin waya ban sa su a layi ba. Suna cin caji da kuɗin intanet, yawancinsu ba da Hausa suke ba, kuma danna gilashi ba kwance ɗauri ba ne.

| Hanya | Abin da ta fi koyarwa | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsinke | Goma-goma, aro, cika goma | Babu | Matsakaici | Kowa zai iya | Tsini, sabo da ƙirga ɗaiɗai |
| Gurbin dara | Ma'anar ninkawa da rabawa | Babu | Ana sake tonawa | Sai da mai jagora | Cin lokaci |
| Wasan kasuwa | Ɗebewa, layin 5 da 10 | Kaɗan ƙwarai | Kwali na yagewa | Mai sauƙi a gida | Rikita dala da faran |
| Igiyar ƙirga | Tarawa da ɗebewa har 20 | Kaɗan | Mai ƙwari | Ta dace da aji | Wuyan ƙaramin yaro |
| Kati | Hanzari | Kaɗan ƙwarai | Ba ya son ruwa | Kowa zai iya | Hadda ba fahimta, tsoro |
| Tsalle | Tsallaken lamba | Babu | Na yini ɗaya | Sai da fili | Rana |

Wanne ga wa

Kafin ku zaɓa, ku yi wa yaron tambaya biyu ku kalli hannunsa, ba bakinsa ba. Ku ce 8 + 5. In yatsu suka motsa ɗaya-ɗaya, tsinke ne maganinsa ko da yana CM1, kuma kada ku ji kunyar mayar da shi can. In ya wuce wannan, ku ce 6 × 7, ya amsa, ku bi da 7 × 6. In ya sake lissafawa daga farko, a kai shi gurbin dara. In ya ce ai ɗaya ne amma ya daɗe kafin amsar farko ta fito, ya gane, sauri ne babu, wannan shi ne mai kati da gwangwani uku.

Ɗan CI da CP, aji ɗaya da biyu, tsinke a gida, igiya a jaka. Yaron da ya ƙware a aike amma kayensa cike da jan biro, ku kafa masa shago a zaure yau, ku tabbata allo na gefe. Uwar da ba ta shiga lakwal ba ta riƙe tsinke da shago, can ta fi mushe ƙwarewa, ta bar wa yayan yaron kati. Malamin da ke ajin zana da yara fiye da yadda ido zai bi, igiya ɗaya ga kowane yara biyu, sai layin tsalle a tsakar makaranta sau biyu a mako, gurbin dara kuma ranar da zai buɗe sabon layin ninki. Ɗan CM2, ajin ƙarshe, da jarrabawa ta matso, ba shi da lokacin tsakuwa 72: yamma biyu a gurbin dara don ya koyi karya 7, 8 da 9 gida biyu, sauran kwanakin duk na kati ne, a fara da 6 × 7, 6 × 8, 7 × 8 da 7 × 9.